YADDA AKE KAI ƊAKIN KAMUN KIFI KAN ƘANƘARA DA MOTA

A darasin labarin ƙasa an koya mana cewa akwai ƙasashen da sanyi yake daskarar da tafki dungum, har mutum ya taka samansa kamar daɓe. Na bi wannan magana na ƙara karatu a kanta, sai na tarar ashe har ɗaki ake ja da mota a kai tsakiyar tafki, a zauna a ciki ana kamun kifi. Yadda ake kai ɗakin nan shi ne abin da nake so in bayyana muku.

Bari mu ɗauki jihar Minesota, wadda take arewacin Amurka, iyaka da Kanada. Tana da tafkuna 11,842, kuma sanyinta ba na wasa ba ne, domin a shekarar 1996 an auna digiri 51 ƙasa da sifiri a wani ƙaramin gari nata. Da yake ƙanƙara ba ta kai ruwa nauyi ba, sai ta tsaya a sama kamar murfi, kifaye kuwa suna nan da ransu a ƙarƙashi. Masunci yakan huda ƙanƙarar da wata na'ura mai kama da barima, ya zura ƙugiya, ya zauna jira. To, zama a fili cikin irin wannan iska yana iya halaka mutum. Shi ya sa ake bukatar ɗaki.

Ɗakunan iri uku ne. Na farko tanti ne zalla, wanda ake naɗewa a sa a jaka a rataya a kafaɗa, ba ya ba kowa wahala. Na biyu tanti ne da aka haɗa da wani kwami na roba mai kujeru a ciki, ana jan kwamin a kan dusar ƙanƙara, in an isa sai a kifo tantin ya rufe mutane. Manyan cikinsu sukan haura kilo 50. Na uku kuwa ɗaki ne sosai a kan tayoyi, da gado da murhu da ramuka a daɓensa inda ake zura ƙugiya. Faɗinsa yakan kai ƙafa 8, tsawonsa ƙafa 16 ko fiye, wasu kuma nauyinsu ya wuce tan 2.

Tafiyar kowane ɗaki kashi biyu ce: akwai ta kan kwalta, akwai ta kan ƙanƙara. Mu fara da ta kwalta.

Mai kwami, a bayan akori-kura ake sa shi. Mutum biyu suke ɗaga shi, ko kuwa a jingina katako biyu a tura shi sama. Sau da yawa kwamin ya fi bodin motar tsawo, sai a bar ƙofar baya a buɗe, a ɗaure shi tamau da ɗamara gaba da baya. Dole ne kuma a lulluɓe shi da tamfol, domin hukuma tana zuba gishiri a kan hanya don narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin nan kuwa yana sa sandunan tanti tsatsa. In ba a rufe ba, iska ma tana iya shiga ƙarƙashin ƙyallen ta yage shi. Ɗora shi a kan rufin ƙaramar mota ba dabara ba ce, don kowane rufi yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, kuma kaya a sama yana sa mota tangaɗi a kwana. Wanda ba shi da akori-kura gara ya nemi ƙaramar tirela.

Mai tayoyi kuwa shi kansa tirela ne. Ana sarƙafa bakinsa a kan wani dunƙulen ƙarfe da yake bayan mota, sa'an nan a ƙara sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashi, don in bakin ya kuɓuce su tare shi kada ya caki ƙasa. Ana so kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan bayan motar. Idan aka jibge kaya can baya, gaba ya yi sakayau, da an ƙara gudu sai tirelar ta fara lilo hagu da dama har ta ƙwace wa direba sitiyari. Saboda haka tukunyar gas da batir da sauran kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, a gaban tayoyi kaɗan, a ɗaure. Kafin a tashi sai an duba iskar taya da fitilun baya da birki. Tirela mai nauyi irin wannan, doka ta ce sai tana da birkin kanta.

To, yanzu ga inda gizo yake saƙar. A kan kwalta ƙarfin inji ake dubawa, amma a kan tafki kaurin ƙanƙara ne sarki. Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa ta Minesota ta ba da ma'auni. In ƙanƙara ba ta kai inci 4 ba, kada kowa ya taka ta. Inci 4 na mai tafiya a ƙasa ne. Inci 5 zuwa 7 na babur ɗin ƙanƙara ne, wanda yake iya jan mai kwami. Ƙaramar mota tana son inci 9 zuwa 10. Babbar akori-kura mai jan ɗaki a kan tayoyi kuwa, sai an sami inci 20 ko fiye, watau ya haura rabin mita. Wannan lissafi duk na sabuwar ƙanƙara ne garai-garai. Farar ƙanƙara, wadda ta gauraya da dusa, rabin ƙarfin waccan gare ta, don haka sai a ninka ma'aunin.

Har ila yau kaurin ba ɗaya ba ne ko'ina. Inda ruwa yake gudu a ƙarƙashi, kamar bakin rafi ko kusa da gada, ƙanƙara takan yi siriri alhali kuwa samanta lafiya lau. Shi ya sa ake ba da shawara a riƙa hudawa ana aunawa bayan kowace ƙafa 150. A manyan tafkuna irin su Mil Laks, masu masaukin baƙi na bakin ruwa sukan share hanya a kan ƙanƙara, su auna ta, su kafa alamu, masunta su biya kuɗi su bi.

Tuƙin kansa sai a hankali. Ƙanƙara tana ɗan lanƙwasawa a ƙarƙashin nauyi, motar tana tura igiyar ruwa a gabanta, in aka yi gudu igiyar nan tana iya tsaga ƙanƙarar, musamman kusa da gaɓa. A nan ne karin maganar nan ta zauna daidai, sannu ba ta hana zuwa. Direba yakan bar gilashin mota a sauke don ya sami hanyar fita in an rufta. Ba a jera motoci wuri guda, ana barin ƙafa 50 tsakaninsu, kuma ana gusar da su bayan kowace awa biyu.

Da an isa, sai a juya wani hannu mai sassauta igiyar ƙarfe, ɗakin ya sauka a hankali har ya zauna a kan ƙanƙara. Wasu suna sa katako a ƙarƙashi don kada ya manne. Sa'an nan a kwance motar a kai ta nesa, a rage nauyi a wuri ɗaya.

Kada wani ya ce wannan tsoro ya yi yawa. A Nuwamban 2022, ƙanƙara ta ɓalle daga gaɓa a tafkin Red Lake, watau Jan Tafki, aka ceto mutane kimanin 200 da suka maƙale a kanta. Motar da ta nutse kuma, doka ta ba mai ita kwana 30 ya fitar da ita da kuɗinsa. A cikin watan Maris, kafin narkewa, dole kowa ya janye ɗakinsa.

Abin da na fahimta shi ne, gwargwadon jin daɗin ɗaki gwargwadon nauyinsa, mai babban ɗaki shi ne na ƙarshen shiga tafki, kuma shi ya kamata ya riga kowa fita. Mai ɗan tanti a kafaɗa yana kamun kifi tun ƙanƙara tana inci 4, mai gado da murhu yana gida yana jiran inci 20. Rigakafi dai ya fi magani.