Rufin Ɗakin Yurt: Daga Gashin Tumaki Zuwa Kwano

1.0 Gabatarwa

Kalmar yurt daga harsunan dangin Turkanci ta samo asali, inda take nufin mazauni ko ƙasar haihuwa. Ta hanyar Rashanci ta shiga harsunan Turai, ta zama sunan zagayayyen ɗakin makiyayan tsakiyar Asiya. Mutanen Mongoliya kuwa ger suke kiransa, wato gida. Wannan maƙala za ta dubi abubuwan da ake rufa wannan ɗaki da su, domin nuna cewa zaɓen rufi ya rataya ne a kan tambaya guda: ɗakin zai tashi, ko zai zauna?

2.0 Rufin Gargajiya

Tsaikon ger ya ƙunshi bangon sanduna mai naɗewa, khana, da sandunan jinka, uni, waɗanda kawunansu ke shiga wani kewayayyen katako a ƙololuwa, toono, inda hayaƙi ke fita. Nauyin rufi yana tura bango waje, igiyar da aka ɗaure ƙugun ɗakin da ita tana riƙe shi. Saboda haka duk abin da za a ɗora a sama, sai an auna shi da ƙarfin wannan ɗamara.

Abin rufin shi ne esgii, bargon gashin tumaki wanda ba saƙa shi ake yi ba, jiƙa shi ake yi a naɗe a yi ta murzawa har ya haɗe. Yana tsare ɗumi, yana kuma barin tururin girki da numfashi ya fita. Da hunturu a ƙara rufi, da bazara a rage. Ƙasar Mongoliya busasshiya ce, shi ya sa ya dace da ita. A ƙasa mai yawan ruwa kuwa yakan yi fumfuna ya ruɓe, ko da an lulluɓe shi da tamfol. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar haɗa ger cikin gadon al'adun duniya.

3.0 Shigowar Leda da Kwano

A shekarun 1960 William Coperthwaite ya fara gina irin wannan ɗaki da katako a Amurka, a 1978 kuma aka kafa kamfanin Pacific Yurts a jihar Oregon. Ɗakunan da suka biyo baya akasari da yadin roba mai ƙarfi ake rufa su. Ba ya yoyo, yana naɗuwa, amma rana tana cinye shi sannu a hankali, kuma ba ya numfashi.

Kwano ya fi duka ƙarko. Tartsatsin wuta ba ya kama shi, dusar ƙanƙara tana zamewa daga kansa, wanda aka shafe da tutiya da alminiyon kuma yana daɗewa bai yi tsatsa ba. Sai dai jinkar yurt tsololuwa ce, faifan kwano kuwa miƙaƙƙe ne. Dole a yanka kowane faifai da faɗi a ƙasa da tsini a sama, abin da ke jawo asarar kaya da yawan mahaɗa, kowace mahaɗa kuma ƙofar yoyo ce, musamman a kewayen toono. Ga shi yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, har kusoshi su saki. Babbar illarsa ita ce gumi: tururin cikin ɗaki in ya taɓa ƙarfe mai sanyi sai ya koma ruwa ya ɗiga kan katako. Maganinsa shi ne a sa abin tsare sanyi a ƙarƙashinsa, a bar kafar iska tsakani.

A ra'ayin wannan maƙala, ɗora kwano a kan bangon khana kuskure ne, domin sandunan motsi suke yi da iska, kwano kuwa tsayayyen tsaiko yake buƙata. Wurinsa shi ne ɗakin katako mai harsashi, wanda ba za a ɗora wa raƙumi ba. A nan manazarcin harshe zai lura da wani abu: ɗakin da aka kafe da kwano ya rabu da ƙaura, amma har yanzu masu sayar da shi a Amurka yurt suke kiransa, saboda siffarsa kawai.