Kwamfuta Mai Girman Tafin Hannu

Jama'a, karatunmu na yau a kan wata 'yar kwamfuta ne. Sunanta Raspberry Pi. Girmanta bai wuce tafin hannu ba. Ba ta da akwati, ba ta da gilashin kallo. Ɗan faranti ne kore guda ɗaya, an liƙa masa ƙananan ƙarafa. Wanda bai san ta ba, in ya tsince ta a hanya, cewa zai yi kayan cikin tsohuwar rediyo ne. Alhali kuwa cikakkiyar kwamfuta ce.

Bari mu fara da dalilin ƙera ta. A Ingila akwai wani gari, Kambirij, mai tsohuwar jami'a. Wajen shekarar 2006 wani malami a can, Eben Upton, da abokan aikinsa suka lura da abin da ya dame su. Samari masu neman karatun kwamfuta suna ta raguwa. Waɗanda suka zo kuma hannunsu bai faɗa ba kamar na da.

Me ya kawo haka? A shekarun 1980 yaran Ingila da yawa sun tashi da ƙananan kwamfutoci irin su BBC Micro. Da ka kunna ta, sai ta tsaya tana jiran ka rubuta mata umarni. Daga baya kwamfutar gida ta zama ta maigida, aikinsa duk yana ciki. Yaro ya miƙa hannu zai kwance wani abu, sai a ce masa, "Kul!" Mu ma mun san wannan. Yaron da aka hana shi taɓa keke don kada ya karya, yaushe zai iya hawa?

Saboda haka malaman nan suka ce a yi wadda araharta za ta sa uba ya sakar wa ɗansa ita. In ta lalace, ba a yi babbar asara ba. A watan Fabrairu na 2012 aka fara sayar da ita, dala 35. Dubu 10 aka fara ƙerawa. Kafin ƙarshen 2016 an sayar da miliyan 10. A 2015 suka fito da ƙanwarta, Pi Zero, dala 5. Har kyauta aka liƙa ta a bangon wata mujalla.

To, yaya take aiki? Ana ba ta wuta da waya irin ta cajin wayar hannu. Ana haɗa ta da talabijin, a nan ake ganin rubutu. Ana kuma haɗa mata abin buga haruffa. Duk abin da ta sani yana cikin ɗan kati, irin wanda muke sa wa waya don ajiye hotuna. A ganinmu, nan ne babbar dabarar take. Katin nan kamar allo yake. Yaro ya yi kuskure, kwamfuta ta rikice, sai a zare katin a wanke, a sake rubutawa. Farantin yana nan lafiya lau.

A gefen farantin akwai 'yan allurai 40 a jere (na farkon 26 gare su). Ta nan take taɓa abubuwan duniya. Ɗalibi yakan fara da ƙaramin ƙwan fitila, ya rubuta umarni ya ga ya kama, ya ɗauke. Daga nan sai abu ya yi gaba. Mai kiwon kaji ya sa ta lura da zafin akwatin ƙyanƙyasa. Mai lambu ya sa ta auna damshin ƙasa, in ta bushe ta tada famfo. A makarantun da intanet bai kai ba, akan cika katin da littattafai, yara su karanta ta wayoyinsu. Wutar da take ci kaɗan ce, batir da farantin hasken rana sun ishe ta. A 2015 har guda biyu aka kai tashar sararin samaniya, 'yan makaranta suka rubuta musu umarni daga ƙasa.

Amma kada araha ta ruɗe mu. Wanda ya sayi farantin kaɗai, doki ya saya ba sirdi ba linzami. Kati, da wayoyi, da abin buga haruffa, da talabijin, kowanne da kuɗinsa. Wanda ba shi da ko ɗaya a gida, ya yi lissafi tukuna, gama wani lokaci tsohuwar kwamfuta ta hannu za ta fi masa sauƙi. Ba kullum ake samunta ba kuma. A 2021 da 2022 ta yi wuya ƙwarai, 'yan kasuwa suka ninka kuɗinta.

Abu ɗaya kuma, ba ta son a zare mata wuta farat ɗaya, domin rubutun katin yakan ɓaci. A ba ta umarnin tsayawa, a jira 'yar fitilarta koriya ta daina ƙyaftawa, sa'an nan a zare. Inda wuta take yawan ɗaukewa, a ajiye kati na biyu mai irin rubutun na farko, a cikin gwangwani, nesa da ƙura.