Masu Rubuta Takardar Neman Tallafi a Amurka

A garuruwan Amurka da dama akwai gidan da mace za ta gudu ta fake idan miji ya addabe ta da duka, akwai kuma lambar wayar da wadda aka yi wa fyaɗe za ta kira ko da tsakar dare ne. Masu amsa waya da masu raka mutane kotu su jama'a ke gani. A can ƙuryar ofis kuwa akwai wani ma'aikaci zaune gaban kwamfuta da tulin rasitai, wanda albashin sauran duk ta hannunsa yake shigowa. Shi ne mai rubuta takardar neman tallafi. Aikinsa ya yi kama da na marubutan nan da ke zama bakin kotu a garuruwanmu, mutum ya zayyana musu damuwarsa su mayar da ita irin maganar da hukuma ke saurara. Shi dai wannan, koken gari guda yake rubutawa.

Abu na farko da yake koyo shi ne inda kuɗin suke. A 1984 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a kan dokar da ake kira VOCA, wadda ta kafa asusun taimakon waɗanda aka yi wa laifi. Asusun ba ya cin harajin jama'a, tarar da kotunan tarayya suka ci masu laifi da kuɗin belin da aka ƙwace su ke cika shi. Ma'aikatar Shari'a ta raba wa jihohi, su kuma jihohi su raba wa ƙungiyoyi. Akwai wasu ƙofofin. Tallafin Byrne, mai ɗauke da sunan Edward Byrne, ɗan sandan New York da aka harbe a 1988 yana gadin gidan wani mai ba da shaida, ya fi karkata ga 'yan sanda da kotuna da rigakafin laifi. Dokar hana cin zarafin mata ta 1994 ita ma tana da nata kuɗin. Kowace ƙofa da irin sallamarta, wanda ya kai buƙatar motar sintiri ga asusun VOCA kuwa ya ɓata lokacinsa, domin dokar ta hana a kashe kuɗinta a kan binciken laifi da gurfanar da mai laifi, ko gina gida, ko kamun ƙafa wurin 'yan majalisa.

Idan sanarwar tallafi ta fito, sai ya karanta ta daga farko har ƙarshe da biro a hannu, yana ja wa kowane sharaɗi layi. Daga nan ya tattaro alƙaluma daga 'yan sanda da asibiti da rajistar ƙungiyarsa, ya rubuta bayanin matsalar da abin da za a yi a kanta. Amma gwani a wurin kasafi ake gane shi. Layi ɗaya albashin mai raka mata kotu ne, da adadin awannin da za ta yi a mako. Na biye kuɗin man mota, mil nawa, a kan nawa. Sai kuɗin sauya makullin ƙofar matar da tsohon mijinta ke riƙe da mabuɗi, sai kwanan otal na gaggawa idan gadajen gidan mafaka sun cika, sai ladan tafinta. Idan bayani ya yi alkawarin waya mai aiki dare da rana alhali kasafi bai nuna mai zaman dare ba, masu tantancewa za su gani, maki ya zube. Bisa ƙa'ida ƙungiya ce ke kawo kashi 20 cikin 100 na kuɗin aikin, sai dai in jiha ta ɗage mata. Ƙaramar ƙungiya ba ta da wannan a banki, don haka yakan ƙirga awannin 'yan sa-kai, ya yi musu farashi, ya haɗa da darajar ɗakin da wani ya ba su aro. Kowace awa sai da takardar da aka sa wa hannu.

Inda sana'ar ta fi burge ni shi ne wurin riƙon amana. Labarin mace ɗaya, da sunanta da tabon da ke fuskarta, zai fi kowane jadawali taɓa zuciyar mai tantancewa, kuma marubucin ya san haka. Doka ta hana fitar da bayanin da zai sa a gane ta ba da izininta a rubuce ba, don haka rahoton da yake aikawa duk wata uku adadi ne zalla: mutum nawa aka karɓa, laifi iri nawa, taimako wane iri. Ina ganin dokar ta yi daidai, domin wanda matar ta guje wa yana nan yana cigiya. Wata jarabawar kuma ita ce ƙarin gishiri. Ƙungiyar da ta yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinta za ta iya cin tallafin bana, amma masu binciken kuɗi na tafe, kuma abin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba sai an mayar. Shi ya sa ƙungiyar masu wannan sana'a ta haramta wa 'ya'yanta karɓar kaso daga abin da aka samu. Albashi ake biyansu, ko ladan aiki da aka yanke tun farko, a ci ko a faɗi.

Duk ƙwarewarsa, ba shi da iko a kan abin da ke shiga asusun VOCA. A 2017, shekarar da kamfanin Volkswagen ya amsa laifin maguɗin gwajin hayaƙin motoci aka ci shi tarar dala biliyan 2.8, asusun ya cika ya batse. A 2018 Majalisa ta ba da izinin fitar da sama da dala biliyan 4, ƙungiyoyi suka ɗauki ma'aikata, suka buɗe rassa a ƙauyuka. Sai masu gabatar da ƙara suka ƙara karkata ga sasantawa da manyan kamfanoni ba tare da an kai ga hukunci ba, kuɗin sasantawar kuma baitulmali suke tafiya. A watan Yulin 2021 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan gyaran da ya juyo da su cikin asusun, amma ramin ya riga ya yi zurfi. A 2024 abin da aka amince a fitar bai kai dala biliyan 1.4 ba, kason jihohi na taimakon waɗanda aka zalunta ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A ganina bai kamata gadon da yarinya za ta kwana a kai cikin aminci ya dogara da ko an kama wani babban kamfani da laifi a shekarar ba.

A watan Afrilun 2025 kuma Ma'aikatar Shari'a ta soke tallafi sama da 300 da ta riga ta bayar, ciki har da na shirye-shiryen hana harbe-harbe a unguwanni da na taimakon waɗanda aka yi wa laifi. An dawo da wasu daga baya. Saboda irin wannan, mai sana'ar ba ya yarda ya rataya albashin ma'aikaciya guda a kan tallafi guda. Yakan tsaga shi gida uku, wani kaso daga VOCA, wani daga jiha, ragowar daga wata gidauniya mai zaman kanta. Ita kuma ma'aikaciyar duk ƙarshen mako sai ta cika takarda ta nuna awa nawa ta yi wa kowanne, shi ya bi layi-layi ya daidaita da kasafi kafin ya aika.