Abin da ya sa wasu ke rubuta "G-d" maimakon "God"

A watan da ya gabata na kai aikin katin gayyatar auren 'yar yayana wurin wani mai buga takardu a nan Fatakwal. Ɗan ƙabilar Ibo ne, mun daɗe muna hulɗa. Da na tura masa kuɗi sai ya aiko min da saƙon godiya ta WhatsApp, a ciki ya rubuta sunan Ubangiji da Turanci haka: G-d. Ba "o" a tsakiya, sai ɗan layin nan da malaman Hausa ke kira karan ɗori. Na ɗauka hannunsa ne ya goce. Da na sake ganin haka a saƙo na biyu, sai raina ya ɗan sosu, na ce wannan wane irin raini ne, sunan Allah ma sai an yi masa ƙwange?

Ranar da na je karɓar aiki na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai girmamawa ce." Ashe yana cikin 'yan Ibon da ke bin addinin Yahudu, waɗanda ke da wuraren ibadarsu a Fatakwal da Owerri da Abuja. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa shagonsa ke rufe daga yammacin Juma'a har daren Asabar. Tun kafin wani ya ɗauko min zancen Isra'ila da Falasɗinu a ƙasan rubutun nan, ba can na dosa ba. Maganar rubutu nake yi, kuma al'adar ta girmi rikicin nesa ba kusa ba.

Ga yadda abin yake. A cikin Attaura da ke hannunsu akwai wurin da aka umarci Bani Isra'ila su rushe wuraren bautar gumaka su shafe sunayensu, nan take kuma aka hana su yi wa Ubangijinsu haka. Daga nan malamansu suka ciro hukuncin cewa haramun ne a goge sunan Ubangiji idan an rubuta shi. Musa bin Maimun, babban malaminsu da aka haifa a Andalus ya rasu a Masar a 1204, ya lissafa sunaye bakwai da wannan hani ya shafa. To ka ga, rubuta sunan ba laifi ba ne a wurinsu. Abin tsoron shi ne makomar takardar. Idan ka rubuta shi cikakke a wasiƙa ko rasit, gobe wani zai yaga ya watsa a bola. Idan kuwa ka cire wasali ɗaya, mai karatu ya fahimta, amma abin da ke kan takardar ba sunan ba ne cikakke.

Akwai wani tsohon labari a littafinsu na Talmud da ya burge ni, domin labarin 'yan kasuwa ne. Wani zamani an saba sa sunan Ubangiji a kwanan watan takardun bashi. Malamai suka lura cewa da zarar an biya bashin, takarda ta zama shara. Suka sa aka daina, har suka mayar da ranar da aka daina ranar murna. Duk wanda ya taɓa share shago da yamma ya san irin takardun da tsintsiya ke kwasowa.

Wannan taka-tsantsan ya shiga har cikin lissafinsu. Kamar yadda muke da hisabin abajada, su ma haruffansu suna tsayawa a matsayin lambobi. Amma 15 ba sa rubuta ta da harafin 10 da na 5, domin haɗuwar biyun tana ba da ɗaya daga cikin sunayen Ubangiji. Sai su rubuta 9 da 6. Haka ma 16, sai su sa 9 da 7.

Kada a haɗa wannan da batun furuci, shi daban ne. Sunan da suka fi girmamawa baƙaƙe huɗu ne, Y, H, W, H, kuma ba sa furta shi ko a wajen addu'a. Idan sun zo kansa a karatu sai su ce Adonai, wato Ubangijina, a hira kuwa su ce Hashem, ma'ana "Sunan". Ibrananci kamar Larabci ne, daga dama ake farawa, kuma wasula alamomi ne da ake ɗorawa daga baya. Masu yi wa littafin wasali sun ɗora wasulan Adonai a kan waɗannan baƙaƙe don tunatar da mai karatu. Turawan da suka karanta baƙaƙen da wasulan a haɗe su suka samo "Jehobah", sunan da muke ji a bakin masu bi gida-gida da mujallu a nan Kudu.

Shi kansa G-d ɗin ba duk Yahudawa ke yi ba. Tun ƙarni na 17 wani babban malaminsu a Turai, Shabbetai HaKohen, ya ce hanin gogewa bai shafi sunan da aka rubuta da wani harshe ba. Da yawa kuma suna ganin abin da ke fuskar waya ko kwamfuta ba rubutu ne mai dawwama ba. Masu yi suna yi ne don ladabi da sabo, kamar mutumin nawa.

Takardun da suka riga suka ɗauki sunan fa? Ana tara su a wani ɗaki ko akwati da suke kira geniza, daga baya a binne su a maƙabarta. A wani wurin ibadarsu da ke tsohuwar Alƙahira an yi ta zuba takardu a irin wannan ɗaki na ɗaruruwan shekaru ba a kwashe ba. A 1897 wani malami mai suna Solomon Schechter ya kai guntaye kusan 200,000 Jami'ar Cambridge a Ingila, ciki har da takardun aure da wasiƙun fatake masu zuwa Indiya. Mu ma muna da makamancin haka: a 1972 ma'aikata suka tarar da tarin tsofaffin shafukan Alƙur'ani a rufin Babban Masallacin San'a a Yaman, inda aka adana su don kada su wulaƙanta.

Ni ba cewa nake mu koma cire harafi daga sunan Allah ba. Hanyarmu daban ce. Malamai irin su Ibnus Salah ma sun ƙi a riƙa taƙaita salatin Annabi a rubuce, balle sunan Allah. Mu cikakke muke rubutawa, sai mu ɗauki nauyin takardar: a ƙona ta kamar yadda Sayyidina Usman ya yi da sauran kwafe bayan an tattara Mus'hafi, ko a binne a wuri mai tsarki, ko a wanke. Muna yara a makarantar allo, wa ya isa ya zubar da ruwan wankin allo inda ake takawa? Kakata ko takardar sabulu ta gani da rubutun Larabci sai ta ɗauka ta cusa a tsagar katanga.

Amma ku leƙa ƙofar masallatanmu na nan Kudu bayan ɗaurin aure ko Mauludi. Katin gayyata mai Bismillah, kalandar ƙungiya mai Ayatul Kursiyyu, fostar ɗan takara da aya a samanta, duk a ƙasa. Ga ruwan saman nan da ba ya ɗagawa, kafin la'asar sun bi kwata. Wani lokacin ma mai tsire ya naɗe maka nama a ciki.

Da zan tafi da katunan, mutumin ya ɗauko wani ƙaramin kwali daga saman kanta ya miƙo min. Waɗanda suka lalace ne wajen bugawa, sun kai arba'in. Ya ce ya ga rubutun Larabci a sama, ya tambayi wani yaronmu mai sayar da dabino a bakin layin, aka ce masa sunan Allah ne, shi ya sa bai zuba su a shara ba. Na kawo su gida na ƙona a bayan ɗaki. Sauran 500 ɗin kuwa mun riga mun raba wa jama'a. Na dai yi wa limaminmu maganar a ajiye akwati a bakin masallaci don irin waɗannan takardu, ya ce zai kai wa kwamiti ranar Juma'a.