Aldabaran, Tauraron Da Ke Bin Kaza Da 'Ya'yanta

'Yan'uwa ɗalibai, idan aka tashi daga karatun dare a wannan lokaci na hunturu, ku ɗaga kai ku nemi Kaza da 'Ya'yanta, taurarin nan da suka cunkushe wuri guda. Gabas da su kaɗan za ku ga wani tauraro mai haske, ja-ja kamar garwashi. Shi ne Aldabaran.

Sunan na Larabci ne, ma'anarsa "mai bin baya". Larabawan dā sun lura cewa duk sa'ad da Surayya, wato Kazar tamu, ta fito, sai ya biyo sawunta, har ta faɗi bai cim mata ba. Daga wurinsu Turawa suka ari sunan.

Kada ƙanƙantarsa a ido ta ruɗe ku. Faɗinsa ya ninka na rana kusan sau 44. Nisa ne ya mayar da shi ɗigo: hasken da za ku gani yau ya yi kusan shekara 65 a hanya.

Da yawanmu za mu zaci jan nan alamar tsananin zafi ce. A'a. Zafin samansa kimanin digiri 3,600 ne, na rana kuwa ya kai 5,500. Tsufa ne ya kama shi: haidurojin ɗin da ke tsakiyarsa ya ƙare, sai ya kumbura, samansa ya huce. Masana sun ce haka ranarmu za ta koma nan da kimanin shekara biliyan 5.