Daga Moriki zuwa gasar hoto ta Afirka: wa za ka nuna wa hotonka kafin alƙalai su gani?

A shekarar 2023, Sani Maikatanga, mai ɗaukar hoto daga Kano, ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa da wani hoto na ambaliyar ruwa a Auyo, Jihar Jigawa. Taken gasar a waccan shekara shi ne yanayi da sauyinsa. Tun 2014 ake gudanar da wannan gasa, kuma kowace shekara da nata take: an fara da abinci, aka yi sutura da ado a 2015, kiɗa da rawa a 2016, mutane a bakin aiki a 2017, gida da muhalli a 2022, sai tafiyar abinci daga gona zuwa kwano a 2025. Ba a biyan ko kwabo don shiga, kuma ba a ce sai mai babbar kyamara ba. Matashin da ke Moriki riƙe da Tecno ko Infinix, in dai yana da data da asusu a Wikimedia Commons, hotonsa zai shiga layi ɗaya da na ƙwararru daga Masar da Kenya.

Akwai kuma dalilin da ya sa ya kamata ya shiga. Rubuta Moriki, ko Zurmi, ko Shinkafi a Google ka duba ɓangaren hotuna. Yawancin abin da zai fito labaran hari ne, da gidajen da aka ƙone, da jami'an tsaro. Kasuwa, rumbuna, masaƙa, yara a makarantar allo, kusan babu su. Maiduguri ta taɓa zama haka a idon duniya, har Fati Abubakar ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram tana ɗora hotunan rayuwar yau da kullum, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, kafafen yaɗa labarai na duniya suka shiga ɗauko aikinta. Arewacin Zamfara na jiran irin wannan aiki.

Inda yawancin masu farawa ke tuntuɓe shi ne tsakanin ɗaukar hoto da tura shi gasa. Ka ɗauka, ya burge ka, ka jefa a zauren WhatsApp na abokai ka ce "ya kuka gani?" Cikin minti goma an cika ka da Masha Allah da alamar wuta. Ka tura gasa, shiru. Abokan ba ƙarya suka yi maka ba, tambayar da ka yi musu ce ba ta da wata amsa sai yabo.

Fara neman ra'ayi tun tunanin yana tunani

A ce taken gasa noma da abinci ne, kai kuma tunaninka shi ne ka ɗauki mata suna shiƙar gero bayan sussuka, rana tana bayansu, haske na ratsa ƙaiƙayin da iska ke kwasa. Tunani ne mai kyau. Kafin ka ɓata kwana uku a kai, gwada faɗarsa a jimla ɗaya ga wanda bai san komai a kan hoto ba. In sai ka yi bayani mai tsawo kafin ya gane, to hoton ma zai buƙaci bayani, alhali alƙalan gasa dubban hotuna suke dubawa, kuma kallon farko ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi.

Daga nan sai ka ɗauki na gwaji guda uku ko huɗu: ɗaya da hantsi, ɗaya da la'asar sakaliya, ɗaya kana tsugune, ɗaya kana tsaye. Su za ka nuna. Mutum ba ya iya gyara hoto ɗaya tilo da aka ajiye a gabansa, amma in ka ba shi biyu ka ce wanne, nan take zai zaɓa, kuma in ka ce me ya sa, zai faɗa. Tambayoyin da ke fitar da amsa mai amfani ƙanana ne. Ina idonka ya fara sauka? Me kake jin ana yi a nan? In za a yanke wani gefe, wanne za ka yanke? Kada ka faɗi abin da kake nufi da hoton sai bayan ya amsa. In ka yi nufin a ga ƙaiƙayi cikin haske, mutum uku suka ce jarkar roba mai ruwan ɗorawa suka fara gani, to ka samu gyaran da yabo ɗari ba zai ba ka ba.

Wanda ke cikin hoton shi ne na farko

A garuruwa irin su Moriki, tambayar kyau ba ita ce ta farko ba. Kowa a yankin ya san halin da ake ciki da 'yan bindiga, ya kuma san yadda zargin kai musu rahoto ke iya jefa mutum cikin bala'i. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a faɗin jihar saboda wannan matsala. Hoton rumbuna cike da hatsi, ko garken shanu a wani wuri da za a iya ganewa, ko shingen jami'an tsaro da ya faɗo a gefen hoto ba da niyya ba, ko fuskar ɗan kasuwa yana ƙirga kuɗi ranar kasuwar Shinkafi, duk suna iya zama bayanin da wani ke nema. Ƙwararren mai hoto a Legas ko Landan zai yaba tsarin hoton, ba zai taɓa hango wannan ba. Mai unguwa zai hango, mahaifiyarka ma za ta hango.

Saboda haka mutum na farko da za ka nuna wa shi ne wanda ka ɗauka. Ba izinin ɗauka kaɗai za ka nema ba, ka nuna masa hoton a allon waya, ka gaya masa inda zai je. Wannan yana da nauyi musamman a gasannin Wikimedia, domin duk hoton da ka ɗora a Commons kana sake shi ne a ƙarƙashin lasisin kyauta, galibi CC BY-SA. Ma'anarsa kowa a duniya na iya ɗauka ya yi amfani da shi, har a harkar kasuwanci, muddin ya ambaci sunanka ya kuma bi sharaɗin lasisin, kuma ba ka da ikon janye wannan izini daga baya. Ka faɗa mata da Hausa fayau: "Inna, wannan hoton zai shiga intanet, mutanen wasu ƙasashe za su gani, kuma in ya shiga ba ya fita. Kin yarda?" In ta ce a'a, magana ta ƙare. In yara ne, iyayensu za ka tambaya. In matar aure ce a cikin gida, kai ma ka san ba ita kaɗai za ka tambaya ba.

Sau da yawa wannan hani yana gyara hoton. An hana ka fuska, sai ka koma kan hannuwa da faifai da ƙaiƙayi, ko ka ɗauko inuwar mutum da rana a bayansa, sai ka tarar tunanin ya fi fitowa fili. Su kuma masu sana'ar za su gaya maka abin da babu alƙalin da zai sani: cewa ba haka ake riƙe ƙwarya ba, ko cewa abin da ka rubuta gero a ƙasan hoton maiwa ce. Hoton da zai iya ƙarewa a shafin Wikipedia ta Hausa bai kamata ya ɗauki sunan da ba nasa ba.

Yadda za ka tura ba tare da ka lalata shi ba

Nan ne wayar kanta ke shigowa. In ka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi, ta rage girmansa sosai don ya ci data kaɗan. Zaɓin HD da aka ƙara a 2023 ya rage ɓarnar amma bai kawar da ita ba. Wanda ka tura wa zai iya ce maka hoton ba shi da kaifi alhali WhatsApp ne ya dakushe shi, ko kuma ya kasa ganin dusashewar da ke cikin na asali. In kana son ra'ayi a kan tsari da labari, turawa ta yau da kullum ta isa. In kana son a duba kaifi da haske da launi, tura shi a matsayin Document, zai isa yadda kyamara ta ɗauke shi.

Sai dai Document yana tafiya da kayansa. Kowane hoto na ɗauke da ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF: samfurin waya, rana da lokacin ɗauka, kuma in ka bar kyamara tana amfani da Location, har da lambobin GPS na daidai inda ka tsaya. Turawa ta yau da kullum tana goge wannan bayani, Document ba ya gogewa, Commons ma yana nuna shi a shafin hoton ga duk mai son dubawa. Ga wanda ke ɗaukar hoto a gona ko a ƙofar gidan wani a yankin Zurmi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shiga saitin kyamara ka kashe Location kafin ka fita. A bayanin hoto, sunan gari ko na ƙaramar hukuma ya wadatar.

Tunda kana cikin saitin, kashe tambarin da wayoyin Tecno, Infinix da itel kan manna a ƙasan hoto, domin Commons ba ya maraba da hoto mai tambari. Kashe gyaran fuska mai goge fata ta zama kamar roba. Kuma kada ka jawo hoto da yatsu biyu, a yawancin ƙananan wayoyi yanke hoton kawai ake yi a buɗa shi. Matsa kusa da ƙafarka.

Ina ake samun idon ƙwararre?

A Commons ɗin kansa akwai shafi mai suna Photography critiques inda ake ajiye hoto a nemi sharhi, akwai kuma inda ake gabatar da hotuna don a tantance su a matsayin masu inganci, wanda ƙaramin sharaɗinsa shi ne kada hoto ya gaza megafiksel 2. Masu dubawa a can ba sa sakaya magana. Za su ce maka sararin sama ya karkace, ko fari ya ƙone babu komai a cikinsa, kuma da Turanci ake yawancin maganar. Amma ka tuna duk abin da ka ɗora a can ya riga ya fita duniya, don haka sai bayan ka gama da maganar izini da tsaro. Akwai kuma ƙungiyar masu aikin Wikimedia da Hausa, wadda membobinta kan shirya tarukan horaswa a garuruwan Arewa, kuma cikinsu akwai waɗanda suka sha shiga waɗannan gasanni. Kusa da gida, kada ka raina mai studiyo da ke ɗaukar hotunan biki a Kaura Namoda. Wanda ya shekara goma yana fama da hasken rana tsaka a kan baƙar fata da farar shadda ya san abin da bidiyon YouTube da aka yi a Ingila ba zai koya maka ba.

Wasu kan ƙi nuna tunaninsu don tsoron a sace. Gaskiya ne dokar haƙƙin mallaka ba ta kare tunani zalla, hoton da ka riga ka ɗauka take karewa. Amma a ganina wannan tsoro ya fi haɗarin girma. Wanda ya ji tunaninka ba shi da maƙwabciyar da ta amince da kai, ba shi da sanin lokacin da rana ke faɗowa a wannan masussuka. Abin da ya fi dacewa ka kiyaye shi ne dokar gasar: wasu gasanni ba sa karɓar hoton da aka taɓa wallafawa, kuma ɗorawa a Facebook ko Instagram wallafawa ce. Karanta dokokin kafin ka nemi ra'ayi a fili. Mutum uku ko huɗu ta saƙon kai tsaye sun fi zaure mai mutum ɗari biyu.

Shawarar da za ka ƙi karɓa

Tabbas wani zai ce maka hoton ya yi, ka dai goge ledar nan da wayar lantarkin can. Yanzu abu ne na taɓawa ɗaya, tun da Google ya fito da Magic Eraser a 2021, wasu kamfanonin waya suka biyo baya da nasu. A gasannin hoton labarai da na rayuwar zahiri, wannan taɓawa ɗaya na iya fitar da kai. A 2015 gasar World Press Photo ta kori kusan kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen dab da ƙarshe saboda an yi musu gyaran da ya wuce ƙa'ida. A 2023 kuma Bajamushe Boris Eldagsen ya ci wani rukuni na gasar Sony World Photography Awards da hoton da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, sannan ya fito ya ƙi karɓar kyautar. Tun daga nan masu shirya gasa suka ƙara sa ido, kuma da yawansu kan nemi fayil na asali daga waɗanda suka kai matakin ƙarshe.

Gyaran haske, daidaita karkata da yanke gefe a Snapseed ko Lightroom, yawancin gasanni sun yarda da su. Cire abu ko ƙara abu shi ne matsalar. In leda ce ta ɓata maka hoto, koma wurin gobe da la'asar, ka sauya inda kake tsayawa ka sake ɗauka. Fayil na asali kuma ka ajiye shi wuri biyu, a waya da kuma katin memori ko Google Drive ranar da sabis ya yi ƙarfi, domin wanda ka tura wa kanka ta WhatsApp ba zai tsaya a madadinsa ba in alƙalai suka nema.