SHAYE-SHAYE: CUTA CE KO ZUNUBI?

Karatu: Luka 15:11-24, Galatiyawa 6:1-5

Yau za mu dubi tambayar da iyaye da yawa suke yi da hawaye: yaron nan da ƙwaya ta kama, mai zunubi ne, ko kuwa marar lafiya?

Duk wanda ya san fadamun Wurno da Goronyo, da gonakin Rabah, ya san wahalar noman rani. Dashen albasa, ban ruwan shinkafa, dakon buhuna ran kasuwa, duk aikin ƙarfi ne. A nan ne saurayi yakan ji abokinsa ya ce, "Haɗiye wannan, ba za ka gaji ba." Tiramol kuwa maganin ciwo ne na asibiti, ɓoye gajiya kawai take yi. Sannu a hankali jiki ya saba, ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai uku. Ran da bai samu ba sai zufa, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci. In ta yi yawa takan kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har ta tsai da numfashi.

Abin nan ba ƙarami ba ne. Binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, ɗaya cikin huɗu kuwa mace ce. A shekarar ce kuma aka hana maganin tari mai kodin. Kada fa mu ce 'ya'yan ikkilisiya ba sa ciki.

To, mece ce amsarmu? Mu tuna da manomin da ke ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo. Da hannunsa yake fasa bakin kwari domin ruwa ya shiga gona. Amma in ya yi sakaci har ruwa ya cinye kunya, hannunsa kaɗai ba zai toshe ba, sai an yi gayya. Haka shaye-shaye yake. Ƙwayar fari zaɓi ce, mutum zai ba da lissafinta a gaban Allah. Amma da ta sāke yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, ta zama cuta, faɗa da duka ba sa warkar da ita.

Ɗan nan na cikin Luka 15 da ƙafarsa ya bar gida. Yunwar da ta same shi ba shi ya kira ta ba. Duk da haka ya komo cikin hankalinsa, ya tashi, ya kama hanya, uban kuwa ya tarye shi tun daga nesa. Kowa da nasa nauyi.

Kai da ƙwaya ta ɗaure, cutarka ba hujja ba ce. Nauyinka shi ne ka daina ɓoyewa, ka furta wa Allah, ka gaya wa fasto ko dattijo, ka yarda a kai ka wurin likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, kusa da Sakkwato. Kada ka yanke ƙwaya farat ɗaya kai kaɗai, gama likita ne ya san yadda ake ragewa. In ka sāke faɗuwa, ka sāke tashi.

Mu kuma iyaye da ikkilisiya, manzo Bulus ya umarce mu mu komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u. Kada mu sa shi a mari, kada mu yi ta tsegumi a zumunta. Mu yi addu'a, mu haɗa kuɗin mota, mu raka shi asibiti. Luka da ya rubuta Bisharan nan ai likita ne. Mai sayar da ƙwaya ba takardar likita, da mai gonar da ke saya wa 'yan ƙodago, su ma su tuba.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka kwance ɗaurarru, ka ba su ƙarfin tashi su komo gida. Ka ba mu zuciyar da za ta tarye su. Cikin sunan Yesu, Amin.